Horar da 'yan sanda kan gine-ginen da ke cutar da lafiyar jama'a: abin da Maradi ke buƙata

Idan aka ambaci aikin ɗan sanda a Maradi, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne kamun ɓarawo, da rabon faɗa a tasha, da tsayar da ɗan kabu-kabu a mahaɗar hanya domin a ga takardunsa. Da wuya ka ji an haɗa kakin ɗan sanda da zancen salga, ko tagar ɗaki, ko tazarar da ke tsakanin rijiya da ramin bayan gida. Sai dai duk wanda ya bi sawun abubuwan da suka sa garin nan zaman makoki a 'yan shekarun nan zai tarar cewa da yawansu daga gini suka taso: bangon da ya faɗo wa masu barci, ajin da ba shi da ƙofar tsira, masan da ya tsiyaye cikin ruwan sha. Shi ya sa batun horar da jami'an tsaro kan haɗarin da karya ƙa'idojin gini ke jawo wa lafiyar jama'a ya cancanci a zauna a warware shi dalla-dalla, a san abin da za a koya musu, a kuma san inda ikonsu ya kamata ya tsaya.

A ranar 8 ga Nuwamban 2021 wuta ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a cikin birnin Maradi, ta yi ajalin yara aƙalla 25, yawancinsu 'yan shekara biyar zuwa shida. Watanni bakwai kafin nan irin wannan gobara ta hallaka yara kimanin 20 a wata makaranta a Yamai, kuma bayan ta Maradi ne gwamnati ta haramta azuzuwan zana a makarantun renon yara a duk faɗin ƙasa. A ƙarshen Agustan 2024 kuma, ruwan sama mai yawan milimita 150 ya sauka a kan birnin cikin sa'a ɗaya da rabi, aka rasa aƙalla mutum 15. A daminar 2024 ɗin waɗanda suka rasu a Nijar sanadiyyar ambaliya sun haura 300, jihar Maradi ce ta fi kowace jiha yawan mamata, kuma alƙaluman hukuma sun kasa su gida biyu, waɗanda ruwa ya ci da waɗanda gini ya danne, kaso na biyun ya fi yawa. Saukar ruwan sama ikon Allah ne, babu mai ja da haka. Amma zaɓen wurin da aka kafa gida, da kaurin harsashinsa, da tare makwararar ruwa da katanga, duk aikin hannun mutum ne, kuma a kansu doka take magana.

Garin kansa shaida ne. Tsohuwar Maradi a cikin kwarin gulbi take har zuwa 1945, lokacin da ambaliyar Gulbin Maradi ta rusa mafi yawan garin, aka tashi aka hau tudu, aka yanka sababbin unguwanni masu miƙaƙƙun tituna. A ƙidayar 2012 mazauna birnin sun kai 267,249, kuma tun daga nan garin bai daina faɗaɗa ba. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da 'Yandaka da Limanci sun cika sun batse, ana tsaga gida ɗaya tsakanin magada har tsakar gida ta ƙare, a gefen gari kuwa ana sayen fili a gona a gina tun titi da magudana da famfo ba su iso ba.

Dokoki kam muna da su. Nijar ta kafa kundin tsabtar jama'a a 1993, wanda ya yi magana a kan gidajen zama da ruwan sha da bayan gida da wuraren taruwa, ya kuma tanadi jami'an tsabta masu ikon bincike da rubuta laifi. A 2017 an kafa dokar manyan ƙa'idojin tsara birane, a 2018 aka bi ta da ta gini da mazauni, a 2022 kuma aka yi wadda ta shafi lafiya da tsabtar jama'a. A bisa ƙa'ida, mai son yin gini a cikin birni sai ya nemi takardar izini daga hukumar gari, a duba zanensa, a tabbatar filin na gini ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne idon da zai ga an karya dokar tun ɓarna ba ta auku ba. Ma'aikatan tsara birni da duba-gari ba su da yawan da za su karaɗe gundumomi uku na birnin lungu-lungu, kuma aikinsu na rana ne, alhali mai gudun bincike da dare yake zuba kankare, da asuba yake zubar da abin da ya kwaso daga salga.

Ɗan sanda kuwa yana kan titi dare da rana. Shi ake kira idan maƙwabta sun yi cacar baki a kan ruwan wanka da ke kwarara ƙofar gidan wani, shi ke shiga gidan haya idan an kai ƙara, shi ke sintiri a kasuwa bayan an tashi, kuma sau da yawa shi ke riga 'yan kwana-kwana isa inda gini ya rufta. Yana ganin abubuwan nan duka, sai dai ba a koya masa fahimtar abin da suke nufi ba. Horon da jami'an tsaronmu suka samu a shekarun baya, har da wanda tawagar Tarayyar Turai ta riƙa bayarwa daga 2012 zuwa lokacin da aka soke yarjejeniyarta a 2023, ya fi karkata ga ta'addanci da manyan laifuka da tsaron iyaka, kuma babu mai ganin laifin haka a jihar da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji. Illa dai kare rai a cikin gari yana da wani ɓangare da aka bari a baya, kuma cike shi ba ya buƙatar makami ko mota, ilimi kawai yake buƙata.

Darasin da ya kamata ya zo farko shi ne na ruwa da bayan gida, domin a nan ne laifin mutum ɗaya ke kwantar da unguwa guda. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke aiki da ita mai sauƙin riƙewa ce: ramin salga ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, ya kasance a inda ruwa ba zai gangaro daga gare shi zuwa rijiyar ba, ƙasan ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa. A kan tudu, inda ruwa ke da zurfi, sharaɗin ƙarshe ba ya wuyar cikawa, amma a unguwannin da ke gangarawa gulbi, inda ake haƙa kaɗan a tarar da ruwa, shi ne ya fi saurin karyewa. Ga kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare. Mai gida ya ga fili ya yi masa kaɗan, sai ya fitar da ramin masai waje, a jikin katanga ta bakin titi, ya rufe shi da siririn kankare, ya bar masa huda ta gefe. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai a buɗe hudar, ƙazanta ta bi ruwa ta shiga titi, inda yara ke wasa ba takalmi, inda kuma bututun famfo ke kwance a ƙasa. Bututun da ya tsage, idan aka ɗauke ruwa ƙarfin cikinsa ya sauka, yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi, sa'annan idan ruwa ya dawo ya kai shi tulunan gidajen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ta irin waɗannan hanyoyi kwalara da taifot da ciwon hanta mai sa shawara ke yawo. Annobar kwalarar da ta ɓarke a Yulin 2018 daga gundumar Madarunfa ta fara, ta shigo birni, ta kama mutum fiye da 3,000 a ƙasar. Ta 2021 ta haura 5,000, kuma jiharmu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kwalara na iya kashe ƙaƙƙarfan mutum cikin sa'o'i idan ruwan jikinsa ya ƙare. Jami'in da ya san haka, idan aka kira shi rabon rigimar kwata, zai gane cewa abin da ke gabansa ya wuce saɓanin maƙwabta da ake kashewa da "ku yi haƙuri da juna". Zai raba faɗan, amma zai kuma duba inda ruwan ya fito da inda ya nufa, ya tambaya ko akwai rijiya ko famfon sayar da ruwa a kusa, ya kai rahoto ofishin tsabta a ranar. Haka nan shagon da aka ɗora a kan magudana, da tudun da wani ya tayar a ƙofarsa ya juyar da ruwan titi gidan maƙwabci, da kududdufin da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini aka bari buɗe. Sauro na cika halitta daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kamar kwana goma a lokacin zafi, saboda haka ruwan da ya kwanta mako biyu a bayan katanga ya isa ya ƙara layin masu zazzaɓi a asibitin unguwa, banda yaran da kududdufi ke ci duk damina.

Sai iskar da ake shaƙa a cikin ɗaki. Masu gina gidajen haya sukan jera ɗakuna su jingina su da katangar maƙwabci, ta yadda ɗaki ba shi da taga sai ƙofa, ko a yi masa 'yar huda can sama wadda masu ɗakin ke toshewa da tsumma da zarar hunturu ya kama. A irin wannan ɗaki ne ake shiga da kaskon gawayi domin jin ɗumi, ko a tayar da janareto a rufaffiyar baranda idan an ɗauke wuta. Gawayi da janareto duka suna fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ta fi iskar numfashi manne wa jini fiye da sau 200. Alamunta ciwon kai ne da jiri da amai da kasala, daga nan sai suma, sai mutuwa. Idan aka tarar mutanen ɗaki ɗaya sun suma tare ko sun rasu tare, zargin da ke fara fitowa bakin jama'a shi ne an sa musu guba a abinci ko an yi musu sammu, sai ido ya koma kan kishiya ko maƙwabci. Jami'in da aka horar zai fara da buɗe ƙofa da taga, ya fitar da masu sauran numfashi sarari, ya sa a garzaya da su asibiti, ya duba ko akwai kasko ko inji, kafin ya saurari kowane zargi. Sanin wannan abu ɗaya na iya ceton rai, ya kuma hana a tsare marar laifi.

Rashin taga da cunkoso su ne kuma ke sauƙaƙa yaɗuwar tarin fuka da ƙyanda da sanƙarau, wanda ke tashi a ƙasarmu lokacin ƙura da zafi. Wannan ya shafi makwancin almajirai, da ɗakin da 'yan ci-rani ke haɗa kuɗi su kama su cunkusu a ciki, ya kuma shafi ɗakin tsare mutane na komisariya, wato ofishin 'yan sanda, domin hukumar da za ta duba tagar wasu ya dace ta fara da tata.

Game da gobara, tambaya ɗaya ake so ta zauna wa ɗan sanda a rai duk inda ya shiga wurin taruwar jama'a: idan wuta ta tashi yanzu, ta ina mutanen nan za su fita? Akwai makarantu masu zaman kansu da aka buɗe a gidajen da aka gina domin iyali ɗaya, ɗalibai ɗaruruwa suna bin zaure guda. Akwai gidajen kallon ƙwallo masu ƙofa ɗaya da ake sakayawa don kada a shiga ba a biya ba, tagoginsu kuma an datse su da ƙarfe. Ƙofar da ke buɗewa ciki takan ƙi buɗuwa idan jama'a suka danno ta a firgice, shi ya sa ake son ƙofar wurin taro ta buɗe waje. Maradi tana da nata ƙarin haɗarin, wato man ruwa-ruwa da ake tarawa cikin jarkoki a zaure ko a ɗakin da ke jikin madafa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ne har ya isa murhun da ke can gefe, don haka ba sai an kawo ashana kusa da jarka wuta ke kamawa ba. Idan aka haɗa wannan da wayar lantarki siririya da aka jawo daga gida zuwa gida aka ɗora mata firji da na'urar ɗumama ruwa, za a gane dalilin da ya sa wasu gobarar ke tashi tsakar dare ba a san mafarinsu ba.

Ɓangaren da ya fi buƙatar a nuna wa jami'i da hannu shi ne gane bangon da ke shirin faɗuwa. Ginin laka a karan kansa ba aibu ba ne, domin magina na da sun tayar da soraye da suka daɗe, saboda sun san a ɗaga gindin gini, a yi yaɓe kafin kowace damina, a sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango. Abin da ke kayar da shi shi ne ruwa ya kwanta a gindinsa. Laka idan ta jiƙe ƙarfinta ya tafi, alhali nauyin azara da rufin ƙasa yana nan a sama, ya ma ƙaru da ruwan da ya sha. Alamun a bayyane suke ga wanda aka nuna wa sau ɗaya: duhun danshi da ya hau bango daga ƙasa har gwiwa, gindin da ya zaizaye ya shige ciki, tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofa, ƙyauren da jiya yake rufuwa yau ya ƙi, ƙasar da ke zubowa daga tsakanin azara. Sau da yawa bangon ba ya faɗuwa sai bayan ruwa ya ɗauke, hankali ya kwanta, mutane sun koma ɗaki sun yi barci. Ɗan sandan da ke sintiri bayan ruwa, idan ya ga haka ya tsaya ya yi sallama ya ce, "Baba, wannan bangon ya sha ruwa, don Allah kada yara su kwana ɗakin nan yau", ya yi aikin da ya fi kama ɓarawo goma.

Ginin siminti ma yana da nasa ha'incin. Bulon da aka yi wa rowar siminti yana marmashewa idan aka murza shi da yatsa. Kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, tare da ban-ruwa a makon farko, amma gaggawar mai gini kan sa a cire katakon da ke tallafe da rufi tun bai ƙosa ba, a hau ɗora masa bulo. Mafi muni shi ne ɗora bene a kan harsashin da aka zuba domin gidan ƙasa, ko a rushe bangon da ke ɗauke da nauyi domin a faɗaɗa shago. Ba a neman ɗan sanda ya auna ƙarfin kankare. Abin da ke hannunsa shi ne ya lura an fara hawa sama, ya tambayi takardar izini, ya sanar da masu auna ƙarfin.

Akwai kuma gidan da aka gina domin zama aka mayar da shi masana'anta. Abin da ya faru a Zamfara a 2010 darasi ne da bai yi mana nisa ba: an riƙa kai duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta cika tsakar gida, yara fiye da 400 suka rasu. Tun da haƙar zinariya ta bunƙasa a yankin Ɗan Isa a 2021, ya dace jami'anmu su san cewa daka dutse, da ƙona zaiba domin tace zinariya, da fasa tsofaffin batura a narkar da dalmarsu, ayyuka ne da ba su da wuri a gidan da yara ke rarrafe.

Horon ya kamata ya kare jami'in kansa. Ramin salga da rijiyar da aka daɗe da rufewa suna tara iska mai guba, har da wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda idan ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta wuce. Yadda abin ke faruwa iri ɗaya ne a ko'ina: mutum ya faɗa, na biyu ya shiga ceto ya zube, na uku ya bi su. Aikin ɗan sanda a wurin shi ne ya hana kowa shiga, har da shi kansa, ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 18. Inda gini ya rufta kuwa, a fara da yanke wuta, a janye jama'a daga kan ɓaraguzai domin nauyinsu na ƙara danne na ƙasa, a sa a yi shiru lokaci-lokaci domin a ji mai kira. Wanda gini ya danne wa ƙafa ko cinya tsawon sa'o'i, ko da ya fito yana magana yana cewa lafiya lau yake, sai an kai shi asibiti, domin naman da ya murƙushe na sakin abin da ke lalata ƙoda bayan an ɗage nauyin.

A nan kuma dole a faɗi abin da mutane ke tsoro, domin tsoron nasu yana kan hanya. Idan aka ce wa ɗan sanda ya sa ido a kan gini ba tare da an shata masa iyaka ba, an buɗe sabuwar ƙofar karɓar na goro. Kusan babu gidan talaka a garin nan da ya cika kowace ƙa'ida, saboda haka duk wanda aka ba ikon cin tara a kan "saɓa ƙa'ida" kawai, an ba shi ikon tatsar kowa a duk lokacin da ya ga dama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma umarni marar fayyacewa shi ne tsagar. Don haka nake ganin ya wajaba horon ya tsaya a kan abu huɗu da ba su da ruɗani: jami'i ya gani, ya rubuta, ya miƙa wa masu ikon hukunci, idan kuma rai na cikin haɗari nan take ya janye mutane ya killace wurin. Kuɗi kada ya bi ta hannunsa ko dala ɗaya. Cin tara da dakatar da gini da rushewa su zauna inda doka ta ajiye su, a hannun hukumar gari da jami'an tsabta da kotu, da takarda da rasit.

Haka nan sai an bambance tsakanin wanda ya karya ƙa'ida don rashi da wanda ya karya ta don riba. Gwauruwar da ke zaune da marayu a ɗakin laka mai jiƙaƙƙen gindi ba ta zaɓi haka ba, kuma tara ba za ta ɗaga mata bango ba. Abin da take buƙata gargaɗi ne cikin mutunci da wurin da za ta kwana. Wannan ma matsala ce ta daban, domin a 2024 makarantu ne suka zama mafakar waɗanda gidajensu suka rushe, har aka ɗage komawa karatu zuwa ƙarshen Oktoba. Amma attajirin da ya jera ɗakunan haya ashirin da masai ɗaya, ko ya ɗora bene ba izini, ko ya gina shaguna a kan magudanar unguwa, ya san abin da yake yi, kuma yana da halin gyarawa. A kansa, da kan wuraren da jama'a ke taruwa, ya kamata ido ya fi tsayawa. Wahalar ita ce shi ne kuma mai wayar da zai buga a janye rahoto, saboda haka ƙaramin jami'i ba zai yi ƙarfin halin rubuta sunansa ba sai ya tabbata shugabansa na komisariya zai tsaya masa.

Shiga gida ma yana da ladabinsa da dokarsa. Doka ta kare hurumin gida, al'adarmu kuma ba ta yarda baƙon namiji ya wuce zaure a gidan aure ba. Yawancin abin da aka lissafa a sama ana ganinsa daga titi, wanda kuma ke ciki a bar shi ga jami'an tsabta, tare da rakiyar mai unguwa da izinin mai gida. Nan ne 'yan sanda mata ke da amfani na musamman, domin matan gida su suka san inda ake ɗibar ruwa, da ɗakin da ke yoyo, da yaron da ya kwana yana zawo, kuma ga mace 'yar'uwarsu za su fi sakin baki.

Masu koyarwar suna nan cikin gari. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da malaman aikin gini da na kiwon lafiya, hukumar lafiya ta jiha tana da jami'an tsabta da suka yi yaƙi da kwalara a 2018 da 2021, 'yan kwana-kwana sun san gobara da ceto, tsofaffin magina kuma sun san laka fiye da kowane littafi. Abin da zai rage wa horon amfani shi ne a yi shi a ɗakin taro da Faransanci zalla, a raba takardar shaida a watse. Jami'in zai yi magana da jama'a da Hausa ne, don haka da Hausa ya kamata ya koyi yadda zai bayyana haɗarin. A fita da su unguwa, su taka mita 30 da ƙafarsu tsakanin rijiya da salga su ga yadda take, su murza bulo mai kyau da marar kyau, su tsaya a gindin bangon da ya sha ruwa. Ya dace kuma a shigar da darasin cikin karatun makarantar 'yan sanda ta ƙasa da ke Yamai, a haɗa da 'yan sandan hukumar gari, waɗanda su ne suka fi kusa da kasuwanni da tituna.

Lokacin da ya fi dacewa a Maradi shi ne Afrilu da Mayu, kafin ruwa ya sauka, sa'annan a yi wani gajere a Nuwamba kan gawayi da gobara kafin hunturu ya kankama. Kowace komisariya ta ajiye rajista ɗaya da za a rubuta ranar rahoto, da unguwa, da irin haɗarin, da ofishin da aka miƙa wa, da ranar da aka zo dubawa. Layin ƙarshen nan shi ne ma'aunin aikin duka, domin jami'in da ya kai rahoto sau uku bai ga kowa ya zo ba zai daina kaiwa. Idan gwamna da shugabannin birni za su tambayi sakamakon horon bayan damina, su tambayi rahoto nawa aka amsa cikin mako guda, da gida nawa aka kwashe mutanensa kafin ya faɗi, da magudana nawa aka buɗe kafin watan Agusta.